Wi-Fi Na Ofis: Abin Da Ke Yanke Shi A Ginin Da Ya Cika Da Jama'a, Da Maganinsa

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa Hakimai da Malamansu a Cikaji, ƙasar Sabon Gari, Zariya

  An umurce ni in yi muku bayani a kan wani ɗan akwati da ake ajewa a ofisoshi, wanda a ido bai kai littafin rajista girma ba, amma in ya ƙi aiki sai ofis duka ya tsaya cik. Shi ne akwatin da ke rarraba intanet ba tare da waya ba, ana ce da shi rauta, abin da yake watsawa kuwa shi ake kira Wi-Fi.

Kun fi ni sanin Sabon Gari wurin cunkoso ne tun asalinsa. A 1911 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, ta biyo ta Zariya, baƙi suka yi ta sauka kusa da tasha har gari ya kafu. A Samaru kuma aka kafa gonar gwaji a 1922, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yau daga Cikaji zuwa Muciya, daga Kwangila zuwa Samaru, benaye ne cike da kantuna da ofisoshi, ɗaki manne da ɗaki, kusan kowanne da nasa akwati.

Abin da ya sa maganar ta shafe ku shi ne, aikin talakawa da yawa ya koma kan intanet. Tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta. A watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umurni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa. A farkon 2023, sa'ad da takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma kan waya da na'urar POS. To, mutum zai taso daga Basawa ko Bomo, ya biya kuɗin mota, ya yini a kan benci, da la'asar a ce masa, "Babu sabis, ka komo gobe." Wannan mutum ba ya ganin laifin akwati. Abin da zai tafi da shi gida shi ne ofis ya wulaƙanta shi. Saboda haka gyaran wannan abu yana cikin kiyaye mutuncin ofis.

MENE NE WI-FI

Wi-Fi rediyo ne, ba wani abu ba. Rauta tana da tashar watsawa da ta karɓa a cikinta, haka kuma wayar hannu da kwamfuta, sai su riƙa magana da juna ta iska. Ana auna igiyar rediyo da yawan kaɗawarta cikin daƙiƙa ɗaya, sunan ma'aunin kuwa an ɗauko shi daga wani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya nuna akwai irin wannan igiya a 1887. Gidajen rediyon FM da kuke saurare suna tsakanin megahaz 88 da 108. Wi-Fi kuwa yana can sama, galibi a kan zango biyu: na megahaz 2400, wanda ake rubutawa 2.4, da na wajen megahaz 5000, wanda ake rubutawa 5.

A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta yarda kowa ya yi aiki da zangon 2.4 ba tare da lasin ba, muddin dai ƙarfin na'urarsa kaɗan ne. Ƙasashe suka bi sahu. A 1997 injiniyoyi suka fid da ƙa'idar farko ta wannan sadarwa, a 1999 aka laƙaba mata sunan Wi-Fi. Arharsa ta zo daga nan, wahalarsa ma daga nan ta zo. Gama zangon ya zama kamar makiyayar gari: kowa yana da ikon kora dabbarsa ciki, ba wanda zai ce tasa ce shi kaɗai, in dabbobi suka yi yawa kuwa ciyawa ba ta isa.

TASHA 13, AMMA WURIN MUTUM 3

An raba zangon 2.4 tasha-tasha, an ba su lamba daga 1 zuwa 13. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata megahaz 5 ne kawai, alhali kuwa maganar rauta ɗaya tana cin faɗin megahaz 20 ko 22. Ku ɗauka kamar layi ne a kasuwar Sabon Gari mai rumfa 13, amma kowane ɗan kasuwa in ya baza kayansa sai sun cinye rumfa 4 ko 5. 'Yan kasuwa nawa za su zauna a layin ba kayan wani a kan na wani? Uku ne tak: ɗaya a rumfa ta 1, ɗaya a ta 6, ɗaya a ta 11. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana suka ce a tsaya a kan tasha 1, 6 da 11.

Akwai kuma wata ƙa'ida da kuka riga kuka sani daga zaman fada, watau ba a magana biyu lokaci ɗaya. Kowace na'ura kafin ta yi magana sai ta saurara. In ta ji wata tana magana a kan tasharta, sai ta dakata, ko da mai maganar nan rautar maƙwabci ce ta bayan bango. Saboda haka rauta 5 a kan tasha ɗaya lokaci suke rabawa, kowace ta jira tata. Wannan yana kawo jinkiri, amma da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne wani ya ga tasha ta 1 da ta 6 sun cika, ya ce shi mai wayo ne, ya koma ta 3 ko ta 4. Daga nan ba ya fahimtar maganar na 1, ba ya fahimtar ta na 6, su ma ba sa fahimtar tasa, kowa yana jin ɗan'uwansa kamar hayaniya. Sai maganganu su riƙa karo, a yi ta maimaitawa, shi da maƙwabtansa duka su yi hasara.

Har ila yau, in mai ƙara ya tsaya can nesa a bakin zaure, sai an yi ta ce masa ya ɗaga murya, ya maimaita, ya yi a hankali, sauran masu ƙara kuwa suna jira. Haka wayar da ke nesa da rauta take yi. Rauta takan rage saurin magana domin ta, lokacin da ta cinye kuwa daga rabon kowa aka ɗebe shi. Waya ɗaya a wajen mai gadi a bakin ƙofa tana iya rage wa akawun da ke zaune kusa da rauta sauri.

Wani abu kuma, in mutum biyu suna gefe da gefe na ginin, kowanne yana jin rauta amma ba ya jin ɗan'uwansa, sai su fara magana tare, rauta ta kasa fahimtar ko ɗaya. Ban da wannan, duk wanda ya kunna hotsifot a wayarsa, ko ya shigo da ɗan MiFi a aljihu, ya ƙara rauta ɗaya ke nan a ginin. Kowace rauta kuwa, ko ba mai aiki da ita, tana shelar sunanta wajen sau 10 cikin kowace daƙiƙa.

WAƊANDA BA SU SAN LADABIN FADA BA

Ba Wi-Fi kaɗai ke kiwo a zangon 2.4 ba. Na'urar ɗumama abinci da ake kira maikurowef tana aiki a megahaz 2450, tsakiyar zangon ke nan. Ƙarfinta yakan kai wat 700 zuwa 1000, alhali a ƙasashen Turai doka ta tsai da ƙarfin rauta a wannan zango a kan kashi ɗaya cikin 10 na wat ɗaya. An rufe na'urar da ƙarfe, gaskiya ne, amma ɗan abin da ke yoyowa ya isa ya rufe muryar rautar da ke kusa. Ita kuwa ba ta sauraron kowa kafin ta fara. Akwai kuma Bluetooth na lasifika da na abin sawa a kunne, wanda ke tsalle-tsalle cikin zangon nan duka, da waɗansu kyamarorin tsaro marasa waya. Kebul irin na USB 3 ma, in ba a lulluɓe shi da kyau ba, yana fid da hayaniya a wannan zango, kamfanin Intel ya bayyana haka a 2012.

Sai kuma ginin kansa. Igiyar rediyo tana raguwa da nisa: in nisa ya ninka biyu, ƙarfinta ya koma kashi ɗaya cikin 4, ko da a fili ne. Katako da labule ba sa tare ta sosai. Bulon siminti da katangar ƙasa mai kauri suna shanye ta da yawa, rufin kankare mai rodi a tsakanin bene da ƙasa ya fi su. Ƙarfe kuwa mayar da ita baya yake yi, watau kabad ɗin fayil, da ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi, da babban madubi. Ruwa ma yana shanye ta, jikin mutum kuwa galibinsa ruwa ne, shi ya sa ofis ɗin da ke aiki lafiya da sassafe yakan canja hali in ya cika da jama'a.

YADDA ZA A GANE INDA CIWON YAKE

Intanet na ofis yana zaune a kan abu uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Na ɗaya wutar lantarki. Na biyu hanyar kamfanin da kuke biya, wadda ta taso daga waje ta iso rauta. Na uku Wi-Fi, daga rauta zuwa tebur. Kowanne ya goce, tukunya ta kife, mutane kuwa kalma ɗaya suke faɗi, "babu sabis." Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta kwana da kwanaki. A ranakun nan ko mutum ya sayi rauta ta zinariya ba abin da za ta yi masa. Saboda haka kada a kashe ko kwabo sai an san wane dutse ne ya goce. Ga matakan da za a bi.

1. A buɗe rajista. Malamai, wannan aikinku ne, kun kuwa fi kowa iya shi. A ja layi a littafi, a yi gida 6: rana, ƙarfe nawa, wane ɗaki, wace na'ura, wutar gari ce ko janareta, da abin da ya faru. A cika shi mako ɗaya ba tsallake. In yankewar tana zuwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta ko aka tada janareta, to, rauta ce ke mutuwa tana farfaɗowa, takan ci minti 1 ko 2 kafin ta dawo. In tana zuwa lokacin cin abincin rana, a nemi maikurowef a ginin. In a ɗaki ɗaya take, a dubi bango da kabad. In tana farawa da hantsi ta tafi da yamma, cunkoso ne.

2. A gwada da kebul. A ɗauki kwamfuta ɗaya a haɗa ta da rauta da kebul, a kashe Wi-Fi nata. In ta yi aiki sumul alhali sauran suna yankewa, ciwon a iska yake, cikin gininku. In ita ma ta ƙi, to, a kira kamfani, kada a wahal da kai da canja tasha.

3. A gwada lokacin da kasuwa ta watse. A auna da sassafe kafin a buɗe kantuna, ko ran Lahadi, sa'an nan a sake aunawa da ƙarfe 11 na safe ranar aiki, a wuri ɗaya da na'ura ɗaya. Bambancin da aka gani shi ne nauyin maƙwabta.

4. A ƙirga maƙwabta. Akwai manhajojin auna Wi-Fi na kyauta da ake sawa a wayar Android. Suna nuna kowace rauta da ke kusa, da tashar da take kai, da ƙarfinta. Ana rubuta ƙarfin da alamar ɗebewa a gaba. In aka ga -50, ƙarfi ya isa ƙwarai. In -67 ne, an zo iyakar abin da ke ɗaukar magana da hoto ba yankewa. In ya kai -80, ba a dogara da shi. Kowane 10 da aka ƙara, ƙarfi ya ragu ninki 10, watau -70 kashi ɗaya ne cikin 100 na -50. A zaga ɗaki-ɗaki a rubuta lambobin a kan zanen ofis. Sai dai a tuna, manhajar nan Wi-Fi kaɗai take gani, ba ta ganin maikurowef ko Bluetooth, waɗannan sai rajista ta tona su.

5. A aika ɗan saƙo. A kwamfuta akwai umurni da ake kira ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya auna lokacin da amsa ta ci kafin ta komo, da awon kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. A fara aika wa rauta, lambarta tana rubuce a ƙarƙashinta, sau da yawa 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1. In iska tana da lafiya, amsa ba ta cika wuce 10 ba, ba kuma saƙon da zai ɓata. Sa'an nan a aika wa 8.8.8.8, wadda ta kamfanin Google ce. In rauta tana amsawa daidai amma ta waje tana ɓata, laifin yana kan hanyar kamfani. In rautar da ke cikin ɗakinku ma ba ta amsawa daidai, laifin yana gida.

Alama ɗaya da ya kamata kowane malami ya riƙe ita ce wannan: in sandunan Wi-Fi a kan waya sun cika amma aiki ba ya tafiya, kebul kuwa yana tafiya, to, cunkoso ne ko hayaniya. Sandunan nan ƙarfin muryar rauta kaɗai suke nunawa, ba sa faɗin yawan surutun da ke ɗakin.

MAGANI

Zan fara da waɗanda ba sa cin kuɗi.

Na farko, a gyara mazaunin rauta. A fid da ita daga cikin kabad, da ƙarƙashin tebur, da bayan talabijin. A kafa ta a sama, a tsakiyar ɗakunan da ake aiki, a sarari, nesa da ƙarfe da tankin ruwa da wurin ɗumama abinci. Eriyarta ta tsaya a tsaye.

Na biyu, a zaɓi tasha. A duba abin da manhaja ta nuna, a ɗauki ɗaya cikin 1, 6 da 11, wadda maƙwabtan da ke kanta suka fi rauni. Ƙarfinsu ake dubawa fiye da yawansu, gama rauta ɗaya mai -45 a bayan bango ta fi rauta 5 masu -85 damuwa. A kuma tsai da faɗin tasha a kan 20. Waɗansu rautoci suna zuwa da 40, wannan kuwa a zangon 2.4 cinye rabon mutum biyu ne cikin uku.

Na uku, a koma zangon 5 in rauta tana da shi. Can tashoshi sun fi yawa, ba kuma sa hawa kan juna, maikurowef da Bluetooth ba sa zuwa can. Igiyarsa ba ta ratsa bango kamar ta 2.4, amma a ginin da ya cika wannan alheri ne, domin surutun maƙwabci ma ba ya ratsowa. A ba zangon biyu suna dabam-dabam, a sa kwamfutocin aiki a kan na 5, a bar na 2.4 ga tsofaffin na'urori. A fara da tasha 36, 40, 44 ko 48. Waɗanda ke bin su, daga 52 zuwa wajen 140, ana tarayya da na'urorin rada a kansu, rauta kuwa in ta ji rada dole ta tashi daga tashar, aiki ya yanke na ɗan lokaci. Kada kuma a rikita wannan 5 da 5G na kamfanonin waya, wanda MTN ya fara a Nijeriya a 2022. Suna ne ya zo kusa, amma abu biyu ne dabam.

Na huɗu, kada a ƙara wa rauta ƙarfi da nufin a rinjayi maƙwabci. Magana tafiya da komowa ce. Ko rauta ta yi ihu, wayar hannu muryarta ƙarama ce, amsarta ba za ta iso ba. In kowa ya ɗaga murya kuwa, an koma gidan jiya, sai dai hayaniya ta ƙaru. A ɗaki ƙarami rage ƙarfi ya fi amfani.

Na biyar, a tsare kalmar sirri. Kalmar da aka manna a bango, ko aka faɗa wa baƙo ɗaya, kafin wata ta zaga unguwa, sai a iske wayoyi barkatai suna kallon bidiyo da datar ofis. A sa kalma mai tsawo, harafi 12 ko fiye, a canja ta duk sa'ad da ma'aikaci ya bar aiki. A zaɓi makulli irin WPA2 ko WPA3, a guji tsohon nan WEP wanda aka daɗe da karyawa. A canja kalmar shiga cikin rautar kanta daga wadda ta zo da ita. In lalle sai an ba baƙi, a buɗe musu ƙofar baƙi dabam, rautoci da yawa suna da ita. Ofis ɗin Hakimi yana riƙe da maganar gado, da ta filaye, da sunayen mutane, tun watan Yuni na 2023 kuwa akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a.

Yanzu sai masu cin kuɗi kaɗan.

Na shida, duk abin da ba ya motsi a ja masa kebul: kwamfutar tebur, da firinta, da kyamarar tsaro. Kebul ɗaya yana tafiya har mita 100 ba ragi, ba ruwansa da maƙwabci. Kowace na'ura da aka sauke daga iska ta bar wa sauran wuri.

Na bakwai, in ofis yana da ɗakuna da yawa ko bene, a sa rauta ta biyu, a haɗa ta da ta farko da kebul, a ba ta tasha dabam. Wannan ya fi ɗan abin nan da ake cusawa a soket wai mai ƙara nisa, gama irin mai rediyo ɗaya sai ya saurara sa'an nan ya maimaita a kan tashar nan dai, sauri ya ragu wajen rabi, surutu ya ninka. Masu rauta mai layin waya a ciki su lura: ita tana bukatar taga domin ta ji turken kamfani, ma'aikata kuwa suna bukatar ta a tsakiya. Maganin shi ne a bar ta a taga, a ja kebul zuwa ta biyu a tsakiyar ofis.

Na takwas, a ba rauta wutar da ba ta yankewa. Cinta kaɗan ne, wajen na ƙwan lantarki ɗaya na zamani, ƙaramin batir na ajiya ko inbata ya isa ya riƙe ta sa'ad da ake sauya wuta. A kakkaɓe mata ƙura da hunturu, kada a rufe ramukan shan iskarta, kada a bar ta a rana da bazara, gama zafi yana sa ta ta sume. Da damina kuma a cire ta daga wuta in ana tsawa mai tsanani.

ABIN DA MUKE ROƘON HAKIMAI

Ranku ya daɗe, duk abin da na lissafa malami ɗaya da mai gyara ɗaya suna iya yinsa. Amma akwai saura wanda ya fi ƙarfin injiniya, domin iskar ta kowa ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ofis ɗaya ya gyara nasa, maƙwabta 10 suka bar nasu a hargitse, gyaran ba ya nisa. Wanda zai iya tara mutum 10 ɗin nan su zauna su saurari juna kuwa, ku ne, da dagatai da masu unguwanni da ke ƙarƙashinku.

Muna roƙo, in kuka ta zo daga wani gini, a kira mai ginin da 'yan haya. A sa su yarda a kan abu 4: kowa ya tsaya a kan 1, 6 ko 11; maƙwabta na bango ɗaya kada su zauna a tasha ɗaya in da hali; kowa ya bar faɗi a kan 20; mai ƙaramin kanti ya rage ƙarfin rautarsa. Malami ya rubuta rabon, a manna kofe a ƙofar gini. Inda kantuna ƙanana suka yi yawa, ya fi musu arha su haɗa kuɗi su yi abu ɗaya mai kyau da kowa ya sayi nasa.

In wani ya kawo ƙara cewa maƙwabci ya sace masa sabis, a fara tambaya ko ya taɓa ba wani kalmar sirrinsa. In ya bayar, maganinsa canja kalma. In bai bayar ba, mafi yawa karo ne na tasha, ba wanda ya yi wa wani da gangan, ba kuma wanda ya mallaki tashar. Sulhu ya fi dacewa da irin wannan.

A gargaɗi jama'a game da na'urorin ƙara ƙarfin sabis na waya, da masu toshe shi, waɗanda ake sayarwa a ɓoye. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ita ke da ikon yarda da kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita, ta kuwa yi gargaɗi a kan irin waɗannan, domin suna ɓata wa unguwa duka. Masu sabon gini kuma a shawarce su su binne bututun kebul zuwa kowane ɗaki tun kafin a yi shafe, gama rigakafi ya fi magani, fasa bango daga baya kuwa ya fi tsada.

A ƙarshe, Malamai, abin da nake so ku fara da shi ran Litinin mai zuwa abu biyu ne: littafin nan mai gida 6, da gwajin kebul. Bayan mako ɗaya za ku san ko wuta ce, ko kamfani, ko iska, in mai gyara ya zo kuwa ku ne za ku gaya masa inda ciwon yake, ba zai sa ku sayen abin da ba ku bukata ba. Wanda ya sami abin da ya shige masa duhu ya rubuto wa ofishinmu ta hannun Hakiminsa, tare da kofen rajistarsa.

 Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa iyayenmu Hakimai lafiya da adalci, ya ba ƙasar Zazzau zaman lafiya da arziki. Amin. Haza wassalam.